Rabon Mai Mangwaro

A makon da soja suka miƙa mulki ga farar hula aka kawo Malam Isyaku Kano, a bayan akori-kura, shi da tabarmarsa da buta da wata tsohuwar wuƙa da ya naɗe cikin tsumma. Gari ya ɗauki murna, 'yan acaɓa sai tsere suke a titin Zariya da tutocin jam'iyya, shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. Ɗansa Murtala ne ya je ya ɗauko shi daga ƙauyensu da ke bakin Dajin Falgore, bayan matarsa ta rasu, ga kuma ƙugu da ya goce tun ranar da ya faɗo daga kan kaɗanya, ya bar shi da ɗingishi. An ce masa hutu ya zo yi. Mutumin da ya tsufa yana saƙa amya yana rataya wa ƙudan zuma a kan itatuwa, shi aka ajiye a ɗakin zaure a Gyaɗi-Gyaɗi aka ce ya miƙe ƙafa.

Murtala direban tirela ne, tsakanin Kano da Legas, in ya kwana biyu a gida to mota ce ta lalace. Daga Malam sai Husaina, matar Murtala, a gidan. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa barinsa da yunwa ba, amma surukarsa ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ta kawo abinci sai ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaida shi kanta a ƙasa, kafin ya gama amsawa ta ɓace. Shi ma in zai shiga cikin gida alwala sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, don ta samu ta shige ɗaki. Kowa ya riƙe kunyarsa yadda aka gada, ba mai laifi a cikinsu, sai dai tuwo ba ya hira. Sai Malam ya wuni bai yi maganar da ta wuce amsa gaisuwa ba.

Ya gwada majalisar dattawa ta ƙofar masallaci. Su kuma a lokacin ba su da zance sai na wa za a ba kwamishina, wa zai samu kwangilar kwalbati. Rannan ya samu sarari ya soma ba su labarin yadda kaɗanya ke fure, wani ya katse shi ya tambayi nawa kwalbar zuma take a can, kafin ya ba da amsa an koma kan kansila. Daga ranar ya zama in an sallame ya shafa addu'a sai ya ja sandarsa.

A ƙarshen lungunsu akwai wani gida mai faɗin tsakar gida, da wani ƙaton mangwaro da ya leƙo ta kan katanga. Kullum da safe daga gidan ake jin tari, busasshe, mai dogon zango. Mai tarin shi ne Bitrus, wanda duk unguwa ke kira Baba Tica. Mutumin Filato ne, ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, kuma rabin magidantan lungun sun sha bulalarsa suna yara. Matarsa Kande ta rasu, 'ya'ya sun watse, babbarsu Miriam tana aikin jinya a Jos. Yana zama a kan benci a ƙofar gida da 'yar rediyonsa, ana gaida shi a wuce, don shi ma gaisuwar ce kawai ta rage masa.

Wata ranar Talata Malam Isyaku ya tsaya a jikin katangar ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Tica ya ce masa ai an makara, yara sun gama da mangwaron bana tun da ɗanyensa. Malam ya ce shi ba 'ya'ya yake dubawa ba, wani reshe ne mai gwafa can sama, wanda in da a daji ne da tuni an ɗora masa amya. Tica ya matsa ya ba shi gefen benci. A hannunsa akwai cokali da wata kwalbar zuma da yake lasa saboda tarin, wanda ya ce ƙurar alli ce ta shekara da shekaru ta bar masa gado. Malam ya karɓi kwalbar ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ko ƙuda ɗaya bai taɓa ganinta ba, sukari ne aka ƙona. Tica ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi, ya ce ya sani sarai, amma maƙogwaro ba ya son a bar shi haka nan.

Daga nan bakin Malam ya buɗe, kamar an cire toshiyar tulu. Ya gaya masa zuma ba ɗaya ba ce, kowane fure da tasa. Ta kaɗanya fara-fara ce, ƙamshinta na riga ta isa. Ta ɗorawa baƙa ce mai kauri, ita ake nema wa mai tari da mai jego. Akwai kuma ta ƙananan furannin daji da ke fitowa bayan damina, waɗanda ko suna ba a sa musu ba, ita ce ta fi daɗi a baki, kuma da ita mahaifinsa ke wanke gyambo da ƙuna. Ya ce a ƙauyensu in yaro ya kwana yana tari, cokali guda da ruwan ɗumi da lemon tsami ake ba shi, uwarsa ta samu barci. Tica bai katse shi ba ko sau ɗaya, har rediyon ya kashe. Da ya gama, shi ma ya ba shi labarin kunun acca da uwarsa ke zuba wa zumar kogon dutse, ya ce tun da ya zo Kano bai ƙara jin wannan ɗanɗanon ba. Sai da aka kira azahar suka lura rana ta yi.

Haka suka ɗore. Malam ya idar da walaha ya ja sanda zuwa ƙarshen lungu, Tica ya riga ya share gefen benci. Mutanen unguwa har tsokana suke, wai ga gwauraye sun buɗe majalisa, ba shugaba ba ma'aji. Ranar Lahadi ce kawai ke yi wa Malam tsawo, don Tica na tafiya coci tun safe, sai ya rasa inda zai sa kansa.

Da damina ta ja baya, Tica ne da kansa ya ce, to ga itace, ga gwafa, me ake jira? Malam ya yi kamar bai ji ba, amma washegari aka gan shi wajen masu sayar da zana yana zaɓen ciyawa, yana murza ta a yatsa yana kushewa. A tsakar gidan Tica ya zauna ya saƙa amyar, doguwa kamar ganga, ya shafe ta da kashin shanu da ya roƙo a gidan wani mai kiwo, ya bar ta ta bushe. Sannan ya kwance tsumman nan nasa, ashe ban da wuƙa akwai curin kakin zuma da wasu saiwoyi da ya taho da su daga gida. Ya turara cikin amyar da su har ƙamshin ya kai lungu. Hawa dai ya fi ƙarfinsu su biyun, don haka suka ɗaura dutse a igiya suka yi ta jifa har ta bi ta gwafar, suka ja amyar sama suna haki, suka ɗaure igiyar a gindin itacen yadda za a iya sauke ta.

Suna zaune suna mayar da numfashi Malam ya gaya masa ka'idar sana'ar. A wajensu, in ka rataya amya a itacen wani, saƙar farko da za ka yanka ta mai itace ce. Ba a sayar da ita, ba a kyauta da ita, kuma ba wanda zai ɗanɗana zumar amyar kafin shi, har mai amyar kansa. Haka ya gani wajen mahaifinsa, haka ya yi tsawon ransa.

Tica ya ce, "Ashe na zama mai gidan haya ban sani ba."

Malam ya ce, "Kai dai ka tanadi cokali. Tarin nan naka a hannuna zai mutu, in Allah ya yarda."

Wannan alkawarin shi ne abin da Malam Isyaku ya mallaka a birnin Kano. A gidan ɗansa ba a neman komai a wajensa, a masallaci ba a tambayarsa komai, sai wannan mutum ɗaya da ke jiran wani abu daga hannunsa. Ya riƙe maganar da hannu biyu.

Ƙudan suka ɗan ja musu rai. Kullum sai a ɗaga kai a ga amya shiru, Tica ya ce wataƙila ƙudan birni sun fi son gidan siminti. Sai wata safiya, suna cikin hira, suka ji gunji daga wajen itatuwan Gidan Zu, wani baƙin curi ya taso ya kewaye mangwaron, ya dunƙule a bakin amyar ya soma shiga. Malam ya miƙe tsaye ba sanda, yana hamdala. Washegari ya tarar da kwano biyu a bakin ƙofarsa maimakon ɗaya. Ba wanda ya gaya wa Husaina komai, ita dai ta ga suruki ya shigo yana murmushi, ta kuma san inda yake wuni. Daga ranar kwano biyu take ajiyewa, shi kuma ya ɗauka ya nufi ƙarshen lungu.

Sanyi ya shigo, tarin Tica ya ƙaru, har yakan riƙe ƙirji ya sunkuya sai ya lafa. Mangwaro kuma ya yi fure kamar ba gobe, na gidan da na maƙwabta, itacen ya wuni yana amo saboda ƙuda. Tica ya soma tambaya cikin wasa, ko 'yan hayarsa sun fara tara kuɗin gida. Malam ya ce a yi haƙuri. Zuma ɗanya ruwa ce, in ka yanke ta kafin ƙuda su toshe bakin saƙar da kaki, tsami za ta yi ta yi kumfa, ta ɓata wa mai sha ciki. Kuma ba a buɗe amya don leƙe, buɗewa ɗaya ake yi, in ka dame su ba dalili sai su yi fushi su tashi. Alamar da ake jira guda ce: ranar da jan furen ɗorawa ya zube ƙasa, ranar zuma ta nuna. Mahaifinsa bai taɓa yanka kafin nan ba, shi ma bai taɓa ba.

To, ina ɗorawa a Gyaɗi-Gyaɗi? Malam ya yi ta cigiya har wani mai tura ruwa ya kwatanta masa guda ɗaya can bayan Darmanawa, a sauran gonakin da ba a gama yankawa filaye ba. Ya hau hayis, ya sauka, ya ƙarasa da ɗingishi. Ya same ta tsohuwa, makiyaya sun sassare rassanta, an haƙa harsashin gini har kusa da saiwarta. Ya dafa ta kamar ya ga ɗan garinsu. Daga nan ya mayar da zuwa duba ta aikinsa, ya je ya dawo ƙugu na zogi, ya kawo wa Tica rahoto: ba ta fara ba, ta fara toho, saura kaɗan.

Gaskiyar magana, ƙudan da ke amyar ba su san da zaman wannan ɗorawa ba. Ƙudan birni ne, mangwaro suke ci da darbejiya da furannin lambunan mutane, lokacinsu daban da na daji. Ita kuma ɗorawar wahala ta sa ta makara ko a cikin 'yan'uwanta. Amma wa zai gaya wa Malam Isyaku haka? Abin da ya sani ya sani, kuma bai taɓa ba shi kunya ba a Falgore. Taurin kai ne, ba shakka, amma irin na mai son ya miƙa abu mai kyau ne, ba na mugunta ba.

Ana cikin haka rediyo ya kawo labarin rikici a Kaduna. A Kano ba a taɓa kowa a lungun ba, amma gari ya yi tsit, kowa na kallon kowa. Wasu iyalai 'yan kudancin Kaduna da Filato suka soma ɗaure kaya, yau ka ga mota a ƙofar wannan, jibi a ƙofar wancan, ana cewa za a je gida a ga yadda hali zai yi. Tica ya janye bencinsa daga ƙofar gida ya mayar gindin mangwaro. Su biyun ba su taɓa tayar da zancen ba. In labarai suka zo kan Kaduna sai Tica ya rage murya, Malam ya ɗaga kai ya shiga lissafin ƙuda, kowannensu na jin nauyin ɗan'uwansa kamar shi ya aikata.

Rannan Malam ya shigo da kwanoninsa ya tarar da baƙuwa tana wanki a bakin famfo. Miriam ce, ta zo daga Jos. Ta durƙusa ta gaida shi, ta yi masa godiyar kula da Baba, idanunta jajur kamar wadda ta yi kuka ko ta yi faɗa. Malam ya ɗauka ganin gida ta zo. Da la'asar, bayan ta shiga ɗaki, Tica ya daɗe yana kallon amyar, sannan ya juyo.

"Malam Isyaku, yau dai ka sauke mana ita. Ko ɗan yatsa ne in lasa."

Malam ya ce, "Haba Tica, mun yi haƙurin mai yawa, sai na kaɗan ya gagare mu? Jiya na je, furen ya yi ja, ya fara sunkuyowa."

"Ko ɗanyar ce ina so."

"In ba ka ɗanya, in haɗa maka gudawa a kan tari? 'Yarka ma'aikaciyar asibiti tana gida, ta ce na kashe mata uba? A'a. Rabonka ne, ba mai taɓa shi. In ka sha, so nake ka sha ta gaske."

Tica ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai tari ya zo, ya tsaya ya gama da shi. Da ya lafa sai ya ce, "To Malam, Allah ya kai mu." Da Malam ya tashi tafiya sallar magariba, Tica ya raka shi har ƙofar gida, abin da bai saba ba, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Malam ya tafi yana cewa a ransa tsufa ya fara taɓa Tica.

Washegari da walaha ya iso da kwano biyu ya tarar da kwaɗo a ƙofar. Ya tsaya yana kallonsa kamar bai san mene ne ba. Rabi mai ƙosai, wadda ke suya a bakin lungun, ita ta taso tana goge hannu a zani. Ta ce mota ta zo ana idar da asuba. Tica ya so ya tirje, 'yar ta ce ba za ta koma ta bar shi ba, 'yan'uwanta duk sun haɗa baki. Ta ce ta tambaye shi ko a kira Malam, ya ce a'a, ba zai iya ba. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro mabuɗi.

"Ya ce a ba ka, saboda baƙinka na kan itace. Ya ce gidan na hannunka har ya dawo."

Malam ya buɗe ya shiga. An kulle ɗakuna, an kwashe igiyar shanya, amma an bar bencin a gindin mangwaro, da kwalbar nan ta sukari a kan taga, an wanke ta tas an kife. Ya ajiye kwanonin ya zauna a gefensa na benci. Bai ci ba, bai tashi ba sai don salla. A nan ya gane roƙon jiya ban kwana ne, shi kuma ya amsa da wa'azin zuma ɗanya. Baƙin ciki ya cika shi, da haushin Tica da bai faɗa masa ba, da haushin kansa da ya fi wannan yawa.

Da rana ta faɗi, ƙuda suka koma gida, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara sana'a. Ɗorawa ba ta zubar da fure ba, amma ya tara busasshen kashin shanu ya kunna, ya kwance igiya ya sauke amyar a hankali, nauyinta har yana jansa. Tun daga nauyin gabansa ya faɗi. Ya busa hayaƙi, ya cire marfin, ya leƙa da sauran hasken da ya rage.

Saƙa ce jere har ciki, kowace an toshe ta da kaki daga sama har ƙasa. Kuma kakin ba fari ba ne irin na sabon rufi, ya yi duhu saboda yawan tattakin ƙuda a kansa. Wanda duk ya san zuma ya san abin da wannan ke nufi: ta daɗe da nuna, tun mangwaro na fure, tun Tica na tambaya cikin wasa. Duk safiyar da ya sha hanya zuwa Darmanawa, duk tarin da aka yi a gindin itacen nan, maganin na rataye a kan kawunansu. Ƙuda suka harbe shi a hannu da wuya, bai ko kaɗe su ba. Ya zauna a ƙasa dirshan, tsoho da shi, ya yi hawaye.

Sannan ya ɗauko wuƙarsa ya yi bisimilla ya yanki saƙar farko, ita kaɗai. Ya mayar da marfin, ya ja amyar sama da ƙyar ya ɗaure. Ya matse saƙar a tsumma mai tsabta cikin kwalbar Tica, zuma ja mai kauri, ƙamshin furen mangwaro na tashi. Ta zubo masa a yatsu har gwiwar hannu. Ya je bakin famfo ya wanke hannun sarai, bai kai ko ɗaya baki ba.

Da safe ya naɗe kwalbar a tsumma ya hau mota zuwa tashar Unguwa Uku, inda motocin Jos ke lodi. Ya sami wani direba mai furfura, ya ce saƙo zai bayar a kai wa Malam Bitrus, tsohon tica. Direban ya tambaye shi wace unguwa. Malam ya ce gidan 'yarsa, Miriam, tana aikin asibiti. Direban ya ce wane asibitin, don Jos asibitoci ba sa ƙirguwa, masu suna Miriam kuwa ko a layi ɗaya sai a samu da yawa. Ko ya san sunan garinsu na asali, ko sunan mijinta? Malam da Tica sun yi wata da watanni a benci ɗaya, ya san yadda Kande ta rasu, ya san ɗanɗanon kunun uwar Tica, amma sunan garin bai taɓa tambaya ba, don kullum Tica gida kawai yake cewa. Direban ya tausaya masa, ya ce shi ba zai karɓi amanar da bai san inda zai sauke ta ba. Malam ya gwada wasu, duk amsar ɗaya ce, ya dawo da kwalbarsa.

Ya tambayi Rabi, ya tambayi tsofaffin ɗaliban Tica, kowa ya ce Filato dai. Waɗanda za su sani, 'yan cocinsu na lungun, su ma sun tafi. Murtala da ya zo ya ce zai sa abokansa direbobi su yi cigiya, ya kuma koma hanya, maganar ta bi iska. Malam ya ɗora kwalbar a kan tagar ɗakinsa. Bai sake komawa Darmanawa ba.

Kullum da walaha yakan buɗe gidan ya share ganyen mangwaro, ya zuba wa ƙuda ruwa a kasko, ya zauna a gefensa na benci har azahar. Gari ya lafa, wasu daga cikin waɗanda suka tafi suka dawo, duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai ya leƙa. Husaina ta ɗan jima tana ajiye kwano biyu, ɗaya na dawowa a rufe, daga baya ta koma ɗaya.

Ruwan farko ya same shi a gindin mangwaron, ya ƙi tashi da wuri, ya jiƙe. Kwana kaɗan tari ya kama shi, mai tsanani, irin wanda ke hana cin abinci. Husaina na jinsa daga cikin gida, ta dafa citta da kanumfari ta ajiye, ba sauƙi. Wata safiya ta kawo koko ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gaida shi, sai ba ta tashi ba. Tun da aka kawo shi gidan ba ta taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba. Kanta a ƙasa, ta ce:

"Baba, ga zuma nan a taga. Da an sha ko cokali ɗaya ne."

Malam ya juya ya dubi kwalbar. Tarin ya taso, ya jira ya wuce.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ba tawa ba ce. Mai itacen bai ɗanɗana ba."

Ta ɗan jima a durƙushe, sannan ta tashi ta shiga ciki. Shi kuma ya sha kokon da ya iya sha, ya miƙa hannu ya ƙara murɗa marfin kwalbar don kada tururuwa ta shiga. Ya laluba mabuɗin a aljihu, ya ɗauki sandarsa, ya nufi ƙarshen lungu yana tari.